Daga Motar Kara zuwa Kumbo: Tarihin Wasa a Bakin Bodar Jibiya

A Jibiya ta ƙuruciyarmu, wato ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, ba a saya wa yaro abin wasa. In ka ga mai motar roba, to ɗan babban ma'aikaci ne, shi ma ɗin sai da salla. Sauranmu ƙerawa muke yi. Da an gama girbin dawa kara zai wadata, sai a feƙe ɓawonsa siri-siri, a yayyanka totuwar gunduwa-gunduwa, a riƙa soke wannan cikin wancan har gangar mota ta tashi. Taya kuwa ta sakaina ce, ko ta tsohon silifas da aka zagaye da reza. Wanda hannunsa ya faɗa yakan bar kara ya koma langa-langa, wancan siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar atamfa da ta gwanjo da shi, kuma a garin da diloli ke kwana suna tashi ba a rasa shi a juji. Da gwangwanin madara da na tumatir ake yin bodi, marfin kwalba ya zama fitila, sannan a kafa dogon sitiyari wanda yaro zai riƙe yana tafe yana tuƙi.

Abin da ya bambanta motocinmu da na yaran wasu garuruwa shi ne muna da abin kwaikwayo a gaban ido kullum. Titin da ya taso daga Katsina ya bi ta Magama ya haura Ɗan Isa ya nufi Maraɗi ba ya rabo da tirela da roka da Fijo mai ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. Yaro zai tsuguna kusa da motar da ke jiran takarda, ya ƙare wa ƙafafunta kallo, ya ƙirga tayoyi, ya lura da yadda kan tirela ke juyawa dabam da bodinta, sannan ya koma gida ya yi ta fama har tasa ta juya haka. Akwai yaran da suka kai ga sa wa mota sifirin da robar tayar keke, ta riƙa lilo in ta hau tudu. Babu wanda ya kira wannan ilimi a lokacin. Ni a yau ilimi nake ganinsa, kuma mai zurfi.

Ita kanta bodar da ta ba mu waɗannan kayan aiki ba tsohuwa ba ce idan aka gwada ta da hanyar. Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina a wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Shi ya sa har gobe sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mata. Ƙasar da ke tsakanin biranen biyu ta daɗe tana shan hari daga kowane ɓangare. Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka yi ta sake zana layin a kan takarda, a 1890 da 1898 da 1904 da 1906, kafin ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila su bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 suna kafa turaku 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Layin ya raba gonaki da dangi, amma bai raba kasuwa ba. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, mutumin Madarumfa da na Batsari a rumfa ɗaya suke ciniki, ɗan canji na tsakiya yana juya naira da sefa.

Iyayenmu sun ba mu labarin rufe bodar 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, wadda ba a buɗe ba sai 1986, da yadda ta haɗu da fari har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Mu ba mu san siyasa ba, amma abin ya shiga wasanmu. Mukan gicciya kara a lungu mu ce shinge ne, wasu su zama kwastan, wasu direbobi. Direba zai loda wa motarsa ƙulle-ƙullen yashi, ya ɓoye tsakuwa ɗaya a ciki. In kwastan ya cafko ƙullin mai tsakuwa ya ci, in ya kuskure sau uku mota ta wuce. Ban san wanda ya ƙago wannan ƙa'ida ba a unguwarmu, amma na san mun sha canja ta. In kwastan suna yawan ci sai a ƙara ƙulle-ƙulle, in direbobi ke yawan tsira sai a ƙara shinge. Shekaru da yawa bayan haka na tarar masu ƙera wasannin kwamfuta suna rubuta littattafai a kan wannan aiki na daidaita ɓangarori biyu don kada ɗaya ya gaji ya tashi.

Manya kuma suna da dara. A gindin bedi ko dalbejiya za ka ga gurabu talatin a ƙasa, layi biyar a shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa ko ƙwallon dabino. Da farko a jera, sannan a fara matsawa gurbi-gurbi, wanda ya haɗa uku a layi ya cire ɗan abokin karawarsa. Baƙo daga Maraɗi zai zauna, kafin a dasa ɗa na farko sai an yi yarjejeniya a kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, domin kowane gari da ɗan bambancinsa. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe: filin wasan namu ne, kayan wasan namu ne, ƙa'idar ma tamu ce, muna iya zama mu sake ta.

Wasan saye ya fara shigowa a hankali. Da farko wata 'yar na'ura mai batir biyu wadda tubala ke zubowa daga sama kana jera su, an rubuta mata a goshi wai wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki, alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. Asalin wasan tubalan Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Sai na'urorin da ake jonawa da talabijin a cusa musu kaset, sai gidajen gem: shago ɗaya, benci biyu, janareta na kuka a waje, yara sun yi layi da 'yan kuɗinsu suna jiran a ba su hannu su buga ƙwallo ko dambe a Sega, daga baya PlayStation. Yawancin kayan na hannu ne, wasunsu ta tashar jirgin ruwan Kwatano suka biyo, tare da shinkafa da gwanjo da motocin da alhazan Maraɗi ke turowa.

Babban sauyi sai da wayar salula ta zo. A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin, kira naira hamsin a minti ko da daƙiƙa biyar ka yi, sai da Glo ta shigo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Sabis ya riga isa manyan birane kafin ya iso mu. Da ya iso kuma sai muka zama masu sama biyu: a wasu unguwanni da gonaki wayarka takan saki Najeriya ta kama Nijar ba tare da ka taka ko'ina ba. Ɗan kasuwar kirki a Magama ba ya rabo da layi biyu, shi ya sa da wayoyin Chaina masu ɗaukar layi biyu suka fito ba mu buƙaci mai talla ba.

Wayar da ta fara shiga hannun talaka ita ce Nokia 3310, wadda aka fitar a 2000 aka kuma sayar da fiye da miliyan 120 a duniya. Wasa huɗu ne a cikinta. Kowa ya san maciji. Akwai Bantumi, wasan gurabu da 'ya'ya irin wanda Yarbawa ke kira ayo, dangin wasannin da Afirka ta daɗe tana yi a ƙasa, sai ga shi kamfanin Finlan ya dawo mana da shi cikin gilashi. Amma wanda ya kama ni shi ne Space Impact. Wani ɗan ƙaramin kumbo ne a gefen hagu, abokan gaba na tahowa daga dama, kana hawa kana sauka kana harbi, a ƙarshen kowane zango ka gamu da wani dodo. Gilashin wayar ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, babu launi, amma a cikinsa na fara ganin sararin samaniya a matsayin wurin da mutum zai iya shiga. Kafin nan sama a wurina ita ce Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda kakata ke nuna mana a tsakar gida lokacin zafi. Wayar ta yayana ce, sai ya yi barci nake samu, in buga har batir ya yi ƙasa.

Akwai abin da muka rasa a wannan ciniki, kuma na daɗe ban gane shi ba. Motar kara in ta karye kana ganin inda ta karye. Dara in ta gundure ku kuna iya sake mata doka. Kumbon Nokia kuwa ba ya buɗuwa. Ko ka kwance wayar da sukundireba ba za ka ga inda yake kwana ba, balle ka ƙara masa fiffike. A cikin shekaru kaɗan yaran da suka saba ƙerawa suka koma masu jira a ƙera musu, kuma har zuciyarmu muka yarda cewa irin wannan aiki na Turawa ne da mutanen Japan. Ba na cikin masu cewa waya ta lalata yara. Da ita nake ci, da ita na yi aure. Amma ta ɗauke wani abu daga hannuwansu, wannan gaskiya ne.

Sana'ata ta fito ne daga rashin wuta. Gari mai waya da yawa da lantarki kaɗan dole ya haifi masu caji: tebur, allon soket jere-jere, ƙaramin janareta, da lamba da ake mannawa a bayan batir don kada a musanya. Daga caji na shiga turi. Wanda bai san zamanin ba zai yi mamakin girman wannan kasuwa. Mutum zai zo da memori, ka jona da kwamfuta, ka loda masa karatun malamai da waƙoƙi da finafinan Kano da fassarar Indiya, ya biya ya hau babur ya koma ƙauyensa, ko ya haura Nijar. Yara kuma gem suke nema. Wasannin Java ne a lokacin, ƙanana ƙwarai, da yawansu ba su kai rabin megabait ba, muna sauko da su daga shafin Waptrick da tsakar dare lokacin da sabis ke da sauƙi. Kowane wasa sai ka san girman gilashin wayar da zai hau, in ba haka ba rabin hoton ya ɓace. Duk lokacin da na je sarin kaya kasuwar Farm Centre a Kano nakan dawo da sababbi. Da Tecno da itel suka cika kasuwa da Android mai araha, manhajar Xender ta zo ta sa kowane yaro ya zama mai turin kansa, sai cinikinmu ya ragu, muka ƙara da gyara da sayar da caja da gilashi.

A wajen loda wasannin nan ne na fara lura da sunayen da ke fitowa kafin wasa ya buɗe, na fara bin diddiginsu. Abin da na tarar ya girgiza ni. Wasan kumbo na farko da ya yi suna, Spacewar!, ba kamfani ne ya yi shi ba. Steve Russell ne da abokansa suka haɗa shi a 1962 a jami'ar MIT ta Amurka, a kan kwamfutar PDP-1, don sha'awa kawai, kuma kyauta suka riƙa ba da shi. Kumbo biyu ne ke zagaya tauraro mai janyo su, kowanne da mai ƙayyadadde da harsashi ƙayyadadde. Space Invaders na 1978 kusan aikin mutum ɗaya ne, Tomohiro Nishikado. Macijin Nokia ma injiniya ɗaya ne ya rubuta shi a 1997, Taneli Armanto. Minecraft, wanda yara ke haƙa suna gini don su kwana lafiya, Markus Persson ya fara shi shi kaɗai a 2009. A nan gida kuma Hugo Obi ya kafa Maliyo a Legas a 2012, suka yi wasan kashe sauro da na ɗan acaɓa. Abiola Olaniran ya kafa Gamsole. A Yawunde Olivier Madiba da abokan aikinsa na Kiro'o suka fitar da Aurion a 2016. A Yamai ma wani matashi, Mahaman Sani Housseyni Issa, ya fito da Les Héros du Sahel. Duk da haka sanin bai sa na motsa ba. Abin da ya motsa ni wahala ce.

A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda, wanda hakan ya haɗa da mu, sai man janareta ya koma hannun 'yan bumburutu da tsada. An buɗe wasu iyakokin a Disamban 2020, amma tamu sai Afrilun 2022. A tsakanin nan matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da mai a jarka, a Satumba aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 har da tamu, aka kuma hana sana'ar cajin waya. Ba zan yi hukunci a nan kan ko matakan sun yi amfani ba. Mutane na mutuwa, hukuma na neman mafita. Abin da na sani shi ne an wayi gari teburina babu aiki, kuma an ɗauki watanni a haka. Mai layin Nijar yakan nemi tudu ya ɗaga waya sama ko zai samu sanda ɗaya. Mai son tura kuɗi sai ya hau mota zuwa Katsina, ya ratsa shingaye, don saƙon da bai fi minti ɗaya ba.

A watannin nan na ga wani abu game da wasanni. Free Fire da PUBG, waɗanda samari suka haukace a kansu, sun mutu murus, domin ba sa tashi sai da intanet. Yara suka dawo suna tambayata tsofaffin da ba sa buƙatar data. A cikin tarkacen da ke kwamfutata akwai wani wasan Faransawa na 2014 mai suna Out There. Babu harbi a cikinsa. Mutum ɗaya ne ya ɓace a sararin samaniya, yana lura da abu uku, mai da iskar shaƙa da lafiyar gangar kumbonsa, kowane tsalle daga tauraro zuwa tauraro yana cin wani abu daga ciki. Na buga shi a kan ragowar cajin da nake tattali, sai na ga lissafin da mutumin ke yi shi ne wanda kowane magidanci a Jibiya ke yi a waccan damina: man da ya rage, hatsin da ya rage, hanyar da za a bi a dawo lafiya. Na ce a raina, in dai wannan ne wasan tsira, to mu ne malamansa.

Ban fara da kwamfuta ba, don babu wutar da zan ɓata. A ƙasa na fara, a gurabun dara. Kowane gurbi tauraro ne, tsinke ɗaya shi ne kumbo, sai tsakuwa kashi uku a gefe: ruwa, caji, da iska. Duk matsawa ɗaya a cire tsakuwa. Wasu gurabun na binne musu takarda mai ɗauke da abin da za a tarar, alheri ko akasinsa. Yaran unguwa suka zama masu gwaji. Wani dattijo maƙwabcina, gwanin dara wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Agadas, ya zauna ya kalle mu har wasa uku bai ce komai ba, sannan ya ce: "Ɗana, wasanka ba shi da mutane. Wa ya gaya maka mai tafiyar sahara shi kaɗai yake tsira? Wanda ka ba ruwa a hanyar zuwa shi zai ba ka taya a hanyar dawowa." Na ce, "Baba, to in ka ba shi ruwan ya ƙi saka maka fa?" Ya ce, "Shi ma ka sa shi a ciki, ai akwai irinsa."

Wannan magana ita ta ba wasan ƙashin baya. Yawancin wasannin tsira da na sani mutum ɗaya ne da duniya, ya tara, ya ɓoye, ya kashe. Nawa sai ya koma wasan bashi da amana. Kana tuƙa kumbon dako tsakanin duniyoyi biyu da suka fito daga tsatso ɗaya, akwai tasha a tsakiya inda ake duba takarda. Kana gamuwa da wasu matuƙa da suka maƙale, ka zaɓa ko ka rage musu cajinka ko ka wuce, wasan kuma yana riƙe da wannan a ransa. Babban abin tsoro a ciki ba dodo ba ne, mutuwar batir ce. Ban ƙago wannan ba: tauraron sadarwar Najeriya na farko, NigComSat-1, wanda aka harba daga Chaina a Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda faifan solarsa ya samu matsala, wuta ta ƙare masa. Gyara kuma a wasan da tarkace ake yi, domin haka 'yan sama jannatin Apollo 13 suka yi a 1970 bayan tankin iskarsu ya fashe. Da leda da kwali da salatif suka haɗa abin da ya tace musu iska har suka dawo. Duk yaron da ya taɓa ɗaure tayar sakaina da robar keke zai gane wannan aikin.

Da sabis ya dawo na shiga koyon yadda ake mayar da tsakuwa lambobi. Manhajar da na zaɓa Godot ce, wadda Juan Linietsky da Ariel Manzur na Ajantina suka sake wa duniya kyauta a 2014. Ba ta da nauyi, tana tashi a tsohuwar kwamfutar cinya ta hannu, ba ta neman intanet in ka riga ka sauko da ita, yanzu ma akwai wadda ake buɗewa a wayar Android. Darussan duk da Turanci suke, wasu da Faransanci, sai in sauko da bidiyo in yi ta maimaitawa. Na fi shan wuya a abubuwan da masu darasin ba su damu da su ba. Su suna gwaji a manyan wayoyi, ni kuwa dole wasan ya yi tafiya a itel mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da fasasshen gilashi, kada ya zafafa waya, kada ya sha batir, kada girmansa ya kai yadda mai memori cike da karatu da hotunan biki zai ce a goge. Rubutun ciki da Hausa ne, kuma yawancin kyawawan haruffan da ake samu kyauta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai akwati ya fito a gurbinsu. Dole na zauna na zana nawa ɗigo-ɗigo. Da na ga da yawan masu gwajin ba sa karanta boko da sauri, sai na fara naɗar murya, ina rage rubutu.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya same ni a tsakiyar wannan aiki. Aka sake rufe boda, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, motoci suka yi dogon layi a Magama, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe a cikin wasu, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Direbobin da suka maƙale sukan zo caji wurina, wasunsu kuɗin abinci ya ƙare musu, mutanen gari ke kai musu tuwo. A lokacin na ƙara wa wasan abin da ya fi kowane sashe wuya: tashar tsakiya takan rufe ba sanarwa, ba ka san ranar buɗewa ba, iska na raguwa, ga wasu kumbunan a gefenka cikin hali irin naka. Akwai ɓarauniyar hanya ta cikin duwatsu, mai saurin kaiwa, mai saurin kashewa. Wani direba ɗan Tasawa da na ba shi ya gwada ya riƙe wayar ya daɗe, ya ce, "Maigida, ka rage wa jiran nan tsawo, mun gaji da shi a waje." Na rage, amma ban cire ba.

Saura maganar kai wasan ga jama'a, kuma a nan ne mai sha'awa daga irin garinmu ke cin karo da bango. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin ka buɗe rumfa a Play Store, Apple kuwa dala 99 duk shekara. Kuɗin ba su ne kaɗai matsala ba. An yi shekaru katin naira ba ya biyan komai a waje. Tun ƙarshen 2023 kuma Google ta sa wa sababbin masu rumfa sharaɗin sai mutum 20 sun gwada manhaja na kwana 14 a jere, daga baya ta rage zuwa 12, kuma kowannensu sai da adireshin imel da data. Ko ka tsallake duk wannan, kuɗin da ake samu daga talla sai wayar na kan intanet, mutanena kuwa a kashe suke barin data. Saboda haka na koma hanyar da na fi sani. Ina ba abokan sana'ata masu turi a Magama da cikin gari, su loda wa duk wanda ya kawo memori, yara su ƙarasa sauran da Xender. Ba na samun ko sisi, ba na kuma iya sanin wayoyi nawa ya hau, sai dai wani lokaci baƙo daga Ɗan Isa ya zo gyaran waya in gan shi a ciki.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Jibiya zai bi. Yaran da ke zuwa shagona da yamma suna tambaya ko zan sa jirgin ƙasa a wasan. Na ce musu a'a, wannan nasu ne. Biyu daga cikinsu sun riga sun sauko da Godot a wayoyinsu, ɗaya ya iya sa akwati ya yi tafiya daga hagu zuwa dama in an taɓa gilashi, yana fama da yadda zai sa taragu su bi shi a baya ba tare da sun hau juna ba. Ranar Juma'a bayan la'asar, in akwai caji a batirin sola, nakan rufe gyara mu zauna a kan wannan matsala tare.